Babi na Bakwai: Hanyar da Wuƙa Ke Bi Cikin Ƙarfe

Zanen da injiniya ya kammala a kwamfuta, komai kyansa da cikarsa, bayani ne kawai a kan siffar abin da ake son a samu a ƙarshe: tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa, inda rami zai kasance, inda fuska za ta lanƙwasa, da iyakar kuskuren da za a lamunta a kowane awo. Injin sassaƙa kuwa, wato injin da ke riƙe da wuƙa mai haƙora tana juyawa da gudu yayin da ake tura ta cikin dunƙulen ƙarfe ko katako ko roba, bai san wani abu wai shi siffa ba. Iyakar saninsa shi ne ya kai bakin wuƙa daga wannan wuri zuwa wancan, da sauri kaza, sannan ya jira umarni na gaba. Tsakanin zanen da injin akwai wani aiki mai zaman kansa, wanda shi ne tsara hanyar wuƙa, kuma a masana'antu an saba kiran matakan uku da taƙaitattun sunayensu: CAD ga manhajar zane, CAM ga manhajar da ke fitar da hanyar wuƙa, CNC kuma ga injin da kwamfuta ke sarrafa motsinsa da lambobi.

Abin da ya sa matakin tsakiyar ya fi wuya fiye da yadda ake zato shi ne cewa zane yana magana ne a kan abin da zai saura, alhali hanyar wuƙa tana magana ne a kan abin da za a cire, kuma abin da za a cire ɗin ba ya cikin zanen. A ƙere-ƙeren jiragen sama, alal misali, ba abin mamaki ba ne a ɗora dunƙulen alminiyom a kan inji a sauke kayan da bai kai kashi 10 cikin ɗari na nauyin farko ba, sauran duk ya koma ɓarɓashi. Da wace wuƙa za a fara, ta ina za ta shiga, zurfin nawa za ta ci a kowane zagaye, da me za a riƙe dunƙulen kada ya goce, duk waɗannan tambayoyi ne da zanen ya yi shiru a kansu, kuma siffa guda ɗaya tana iya samun hanyoyi dubbai waɗanda dukkansu daidai ne a lissafi, amma wata ta ɗauki minti ashirin, wata ta ɗauki awa uku, wata kuma ta karya wuƙa tun kafin a kai rabi.

Matsalar ta girmi kwamfutar zane. A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons, na wani kamfani da ke ƙera fikafikan jirage masu saukar ungulu a garin Traverse City na jihar Mishigan a Amurka, tare da injiniyansa Frank Stulen, sun yi amfani da na'urar lissafi ta IBM mai aiki da kati mai huda wajen fitar da ɗigo-ɗigo masu yawa a kan lanƙwasar fiffike, ma'aikata kuma suna karanta lambobin suna murɗa hannayen inji zuwa kowane ɗigo. Rundunar sojan saman Amurka ta ba da kuɗin faɗaɗa wannan dabara a 1949, aikin ya koma hannun wani ɗakin bincike na jami'ar MIT, inda a 1952 aka nuna injin sassaƙa da ke karɓar umarninsa daga doguwar takarda mai huda ba tare da hannun mutum ya taɓa shi ba. Nan da nan sai ta bayyana cewa injin ba shi ne babban cikas ba. Shirya takardar da hannu, ana lissafa kowane ɗigo ɗaya bayan ɗaya, yana cinye lokacin da ya ninka na yankan kansa sau da yawa, kuma kuskure a lamba ɗaya ya isa ya lalata kayan. Wannan ne ya haifar da harshen APT, wanda Douglas Ross ya jagoranci ƙirƙirarsa a MIT tun daga 1956 aka kuma gabatar da shi ga jama'a a 1959. A cikin APT, mai tsara aiki yana bayyana layuka da da'irori da fuskoki, sannan ya umarci wuƙa da ta bi jikin wata fuska, gindinta na kan wata, har sai ta tarar da ta uku ta tsaya. Kwamfuta ce ke lissafa ɗigo-ɗigon da ke tsakani. Tsarin da APT ya kafa, na fara fitar da hanya wadda ba ta danganci wani inji na musamman ba sannan a juya ta zuwa yaren injin da za a yi amfani da shi, har yau shi ake bi.

Sauran rabin matsalar, wato yadda za a bayyana fuska mai lanƙwasa da lissafi, a masana'antar motoci ta Faransa aka fi warware shi, inda Paul de Casteljau a kamfanin Citroën tun 1959, da Pierre Bézier a kamfanin Renault cikin shekarun 1960, kowa ta nasa ɓangaren, suka samo hanyar zana kowace irin lanƙwasa ta hanyar 'yan ɗigo kaɗan masu jan ta kamar yadda ake so. Daga wannan tushe ne lissafin fuskokin da manhajojin zane na yau ke amfani da shi ya tsiro.

Daga siffa zuwa ɗigo

Abu na farko da manhajar CAM ke yi shi ne karɓar siffar, kuma nau'in fayil ɗin da aka kawo ta a ciki yana da tasiri. Fayil irin na STEP, wanda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fara fitar da ƙa'idarsa a 1994 a ƙarƙashin lamba ISO 10303, yana adana siffar da ainihin lissafinta, ta yadda rami mai zagaye yana nan a matsayin da'ira cikakkiya wadda manhaja za ta iya gane ta ta ce wannan wurin huda ne. Fayil irin na STL kuwa, wanda kamfanin 3D Systems ya ƙirƙiro a 1987 domin injunan da ke gina abu ta hanyar ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa, yana lulluɓe siffar ne da dubban ƙananan alwatika, wato siffofi masu kusurwa uku, saboda haka da'ira ta zama abu mai gefuna da yawa, kuma in alwatikan sun yi girma, sai a ga sawunsu a jikin kayan da aka sassaƙa, kamar an fafe shi da gangan. Ga mai sassaƙa hoton fuskar mutum ko adon ƙofa a katako wannan bai cika zama damuwa ba, amma ga mai ƙera mazaunin da wani ƙarfe zai shiga ya zauna daram, asara ce da ba a iya mayar da ita.

Ko da siffar ta zo da cikakken lissafinta, yawancin injuna layi miƙaƙƙe da yankin da'ira kawai suka iya bi, don haka dole manhaja ta daddatsa kowace lanƙwasa zuwa gajerun layuka, mai tsara aiki kuma shi ke faɗin iyakar tazarar da ya yarda a samu tsakanin layin da ainihin lanƙwasar. Lissafin ba shi da wuya. Idan aka ɗauki da'ira mai rabin faɗi milimita 50 aka ce kuskuren kada ya wuce milimita 0.01, kowane layi zai kai kimanin milimita 2, da'irar kuma ta ƙunshi layuka wajen 157. Idan aka matse kuskuren zuwa milimita 0.001, adadin zai haura zuwa kusan 500. Sabon shiga yakan ɗauka cewa matsewa ita ce alheri a kowane hali, amma tana da farashi, domin wuƙar da ke tafiyar milimita 3000 a minti tana cin milimita 50 ne a kowace daƙiƙa, kuma idan layukan sun gajarta zuwa milimita 0.1, to kwamfutar injin sai ta karanta ta aiwatar da umarni 500 a daƙiƙa guda. Tsohon inji da ba zai iya haka ba sai ya riƙa tafiya yana ɗingishi, kowace tsayawa kuma tana barin tabo a fuskar ƙarfen. Injunan zamani suna leƙa umarni masu yawa a gaba domin su san inda za su rage gudu da inda za su ci gaba, amma su ma suna da iyaka.

Wuƙa tana da jiki

Da a ce wuƙa ɗigo ce marar faɗi, da hanyarta ita ce gefen zanen kansa, aikin ya ƙare. Amma wuƙa sanda ce mai faɗi, kuma injin tsakiyarta yake sarrafawa, alhali gefenta ne ke yanka, saboda haka dole hanyar ta kauce daga layin zanen da rabin faɗin wuƙar a ko'ina. A kan layi miƙaƙƙe wannan abu ne mai sauƙi. A wurare masu lungu da saƙo kuwa, layin da aka kautar yakan harɗe da kansa, yakan rabu gida biyu a inda rami ya ƙuntata, wani sashe ma ya ɓace gaba ɗaya a inda wuƙar ba za ta iya shiga ba, kuma rubuta manhajar da za ta warware waɗannan harɗe-harɗe ba tare da kuskure ba yana cikin ayyukan da suka fi wahalar da masana wannan fanni shekaru da yawa.

Daga jikin wuƙar nan ne wata ƙa'ida ta fito wadda duk mai zane ya kamata ya haddace ta: abu mai zagaye ba ya iya yanka kusurwar ciki mai tsini. Wuƙa mai faɗin milimita 10 za ta bar lanƙwasa mai rabin faɗi milimita 5 a kowane lungu na ramin da ta haƙa, komai ƙwarewar mai tsara hanya. Za a iya biyo bayanta da ƙarama a rage lanƙwasar, amma ƙaramar wuƙa ba ta da ƙarfi, ba ta kuma isa zurfi, don haka mai zanen da ya zana rami mai zurfi da lungu mai tsini, don kawai a kwamfuta hakan bai fi danna maɓalli ɗaya ba, ya ninka wa kamfaninsa kuɗin aiki, ko ma ya tilasta a kai kayan ga wani inji daban mai cin ƙarfe da tartsatsin lantarki. Yawancin gardamar da ake yi tsakanin ofishin zane da ɗakin injuna a kan irin waɗannan lunguna ake yin ta, kuma galibi mutanen ɗakin injuna ne ke da gaskiya.

A fuskoki masu tudu da kwari, irin na mazubin da ake zuba narkakkiyar roba a ciki don yin bokiti ko murfin waya, ana amfani da wuƙa mai kan ƙwallo, wato wadda bakinta rabin ƙwallo ne. Ɗaya daga cikin dabarun lissafa hanyarta shi ne manhaja ta ɗauki wuƙar a tunani ta tsayar da ita a saman wani ɗigo, ta riƙa sauke ta a hankali har sai wani sashe na jikinta ya fara taɓa siffar, ta rubuta wannan tsayin, ta matsa gaba kaɗan ta sake. Idan aka haɗa dubban ɗigo-ɗigon nan sai a sami hanyar da ke shafar fuskar ba tare da ta ci cikinta ba. Wannan salo na kai-da-komo yana kyau a wurare masu kwanciya, amma a bango mai tsayuwa layukan sukan yi nisa da juna, don haka a can ake juyawa zuwa wani salo, inda ake yanka siffar a tsayi daban-daban wuƙar tana kewaya ta a kowane tsayi, tana sauka mataki-mataki. Ƙwararren mai tsara aiki yakan raba kayan gida-gida, ya ba kowane yanki salon da ya dace da gangarensa.

Kan ƙwallo, duk inda ya bi, kwari yake bari, kuma tsakanin kwari biyu masu maƙwabtaka akwai ɗan tudu da wuƙar ba ta taɓa ba. Tsayin tudun ana kimanta shi ne ta hanyar ninka tazarar da ke tsakanin layuka biyu da kanta, a raba da rabin faɗin wuƙar sau takwas. Wuƙa mai faɗin milimita 6 da ke matsawa milimita 0.5 a kowane layi za ta bar tudu na kimanin milimita 0.01, idan aka rage tazarar zuwa rabi, tudun zai koma kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake, amma lokacin yankan zai ninka biyu. A nan lissafi ya gama nasa, saura hukunci: ko a bar injin da ake biyan kuɗi mai yawa a kan kowace awa tasa ya ƙara awa shida yana shafa, ko a sauke kayan da wuri a ba mai goge ƙarfe ya ƙarasa da hannu, tare da sanin cewa hannu yana iya cinye gefen da ake son ya zauna da kaifinsa.

Ɓarza da gyara

Masassaƙin turmi ba ya fara aiki da abin da zai gama da shi; da gatari yake rage gungumen, sannan ya ɗauki gizago ya fitar da siffa. Haka aikin inji yake rabuwa zuwa zagayen ɓarza, inda babbar wuƙa ke kwashe mafi yawan ƙarfen cikin gaggawa tana barin ɗan abin da bai fi rabin milimita ba a jikin siffar, da zagayen gyara, inda ake cire wannan ragowar a tsanake domin a sami awo daidai da fuska mai santsi. Manhaja mai kyau tana riƙe da lissafin abin da ya rage na dunƙulen bayan kowane zagaye, ta yadda wuƙa ta biyu za ta nufi wuraren da ta farko ta kasa shiga kawai, maimakon ta ɓata lokaci tana yankan iska.

A zagayen ɓarza ne aka sami sauyi mafi girma a 'yan shekarun nan. Tsohon salo shi ne wuƙa ta riƙa kewaya rami tana bin siffar bangonsa, kowane zagaye na faɗaɗa na baya, kuma aibinsa yana a lunguna, domin wuƙar da ke cin ƙarfe da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta a kan layi miƙaƙƙe, tana isa lungu sai ƙarfe ya rungume ta ta gaba da ta gefe a lokaci guda, nauyin da ke kanta ya yi tsalle, ta karkace ko ta karye. Don gudun haka sai a tilasta rage gudun dukkan aikin saboda waɗannan 'yan wurare. Sabon salo yana lissafa yawan ƙarfen da wuƙar ke taɓawa a kowane lokaci yana kuma lanƙwasa hanyar don kada ya wuce iyakar da aka sa, abin da ke haifar da hanyoyi masu murɗe-murɗe waɗanda babu ɗan Adam da zai iya rubuta su da hannu. Da yake cin gefen kaɗan ne kuma ba ya sauyawa, ana iya zurfafa wuƙar har tsawon haƙoranta a kuma ƙara gudu, lalacewar ta bazu a dukkan jikin wuƙar maimakon ta taru a bakinta.

Akwai kuma ƙananan hukunce-hukunce da kowane ɗaya ke da dalilinsa. Wuƙaƙe da yawa ba sa iya nutsewa tsaye cikin ƙarfe kamar abin huda, don haka hanyar takan shigar da su a karkace ko ta hanyar kewayawa ana sauka. Alƙiblar tafiya ma tana da muhimmanci, domin idan haƙori ya shiga ƙarfe ta wurin da ɓarɓashi ya fi kauri ya fita ta siririn wuri, fuskar takan fi kyau wuƙar kuma ta fi daɗewa, amma wannan salo yana jan tebur zuwa cikin wuƙa, abin da ke da haɗari a tsofaffin injuna masu sako-sako a sandar da ke tura teburin.

Gudu da nauyi

Hanya ba ta cika ba sai an faɗi gudun juyawar wuƙa da gudun tafiyarta. Tushen wannan ilimi yana komawa ga Frederick Taylor, wanda ya shafe shekaru fiye da ashirin yana gwaje-gwajen yankan ƙarfe a masana'antun Amurka kafin ya gabatar da sakamakonsa a 1906, inda ya nuna cewa ƙarin gudu kaɗan yana gajarta rayuwar wuƙa da yawa. Masu ƙera wuƙaƙe a yau suna buga jadawalin gudun da ya dace da kowane irin ƙarfe. Idan aka ɗauki wuƙar kabaid mai faɗin milimita 10 da haƙora uku, aka ce gefenta ya shafi alminiyom da gudun mita 300 a minti, sai ta juya kimanin sau 9,550 a minti, idan kuma kowane haƙori zai ɗebi milimita 0.05 a kowane juyi, tafiyar za ta kama kusan milimita 1,430 a minti. Abin da mai koyo ba ya tsammani shi ne cewa tafiyar hawainiya ma tana kashe wuƙa, domin haƙorin da bai sami abin ɗiba ba gogar ƙarfen kawai yake yi, zafi ya taru a bakinsa, alhali a yanka mai kyau ɓarɓashi ne ke ɗauke mafi yawan zafin ya fita da shi.

Manhaja tana ɗaukar wuƙa a matsayin abin da ba ya tanƙwaruwa, ƙarfe kuma ba haka yake ba. Wuƙa tana lanƙwasawa a ƙarƙashin nauyi, kuma idan aka ninka tsawon da ta leƙo daga mariƙinta sau biyu, lanƙwasar tana ninkawa sau takwas. Idan lanƙwasar ta fara kai-da-komo, kowane haƙori ya tarar da igiyar da na gabansa ya bari a jikin ƙarfen ya ƙara mata girma, sai injin ya shiga karkarwa da ƙara mai tsinka kunne, fuskar ta yi zane-zane, haƙora su fara ɓallewa. Binciken da Tobias a Ingila da Tlusty a tsohuwar Chekoslobakiya suka yi tun shekarun 1950 ya nuna cewa akwai wasu matakan gudun juyawa da karkarwar ke kwantawa a cikinsu, ta yadda wani lokaci maganin shi ne a ƙara gudu maimakon a rage. Sai dai waɗannan matakai sun danganta ga injin da mariƙin da wuƙar da ake aiki da su, abubuwan da manhajar da ke ofis ba ta ganin su, shi ya sa har yau kunnen mai kula da inji yake cikin kayan aunawa.

Inji mai layukan motsi uku, wato hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa, daga sama kawai yake iya isa ga kaya, don haka duk wani wuri da ke ɓoye a ƙarƙashin wani sashe sai an kwance kayan an juya shi an sake ɗaurewa, kowace juyawa kuma ƙofa ce ta shigowar kuskure, tunda dole a sake nuna wa injin inda ɗigon farawa yake. Inji mai layuka biyar yana ƙara juyawa biyu, ya karkatar da wuƙa ko teburin, ya isa kusan ko'ina a ɗauri guda da gajeriyar wuƙa mai ƙarfi, amma lissafin hanyarsa ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin a kowane ɗigo sai an zaɓi alƙiblar da wuƙar za ta fuskanta, a kuma tabbatar mariƙi ko kan injin bai daki kayan ko teburin ba. Darajar wannan fasaha ta fito fili a 1987, lokacin da aka gano cewa wani reshen kamfanin Toshiba na Japan ya sayar wa Tarayyar Sobiyet manyan injunan sassaƙa masu layuka da yawa, kamfanin Kongsberg na Norwe kuma ya ba da kwamfutocin sarrafa su, saɓanin takunkumin ƙasashen Yamma. Amurka ta yi zargin cewa da su aka sassaƙa farfelar jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku waɗanda ƙararsu ta ragu har gano su ya yi wuya.

Yaren inji

Mataki na ƙarshe a ofis shi ne juya hanyar zuwa umarnin da injin ke ganewa, wanda aka fi sani da G-code, harshen da aka fara daidaita shi a Amurka cikin shekarun 1960 daga baya ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6983. Kalmominsa kaɗan ne: G00 na nufin a ruga zuwa wuri ba tare da yanka ba, G01 a yanka a miƙe, G02 da G03 a bi yankin da'ira ta dama ko ta hagu, M03 a kunna juyawa, M06 a sauya wuƙa. Layi kamar G01 X40 Y25 F800 yana cewa ne a tafi a miƙe zuwa ɗigon da ke milimita 40 a layi ɗaya da 25 a ɗayan, da gudun milimita 800 a minti. Duk da ƙa'idar, kwamfutocin Fanuc da Siemens da Haas kowace da karin harshenta, Heidenhain ma tana da nata yaren daban, saboda haka kowane inji yana buƙatar ƙaramar manhajar fassara tasa, kuma kuskure a cikinta ya fi kowane haɗari, domin hanyar da aka gani lafiya lau a allo tana iya fita a gurguje. Wannan ne ya sa manyan masana'antu ke gwada ainihin umarnin a kan kwaikwayon injin cikin kwamfuta, da manhajoji irin su Vericut, kafin a bar shi ya taɓa ƙarfe, ƙananan wurare kuma su fara gudanar da shi a iska, sama da kayan, hannun ma'aikaci na kan maɓallin tsayarwa.

Babban raunin G-code shi ne cewa duk ilimin da aka tara a matakan baya yana zubewa a bakin ƙofarsa: injin bai san yana haƙa rami ba ne ko yana gyara fuska, bai san irin ƙarfen ba, bai san awon da ake nema ba. An ƙirƙiro wata ƙa'ida mai suna STEP-NC domin a riƙa aika wa inji siffar da manufar aikin gaba ɗaya, amma masana'antu ba su rungume ta sosai ba, tunda injunan da ke aiki da tsohon harshe suna da yawa kuma suna daɗewa. Masanin tarihi David Noble, a littafinsa Forces of Production na 1984, ya yi hujja da cewa an fifita sarrafa inji da lambobi a kan wata dabara ta naɗar motsin ƙwararren ma'aikaci a maimaita, ba don inganci kaɗai ba, har da burin shugabannin kamfanoni na ɗauke iko daga ɗakin injuna zuwa ofis. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, ikon bai ƙaura duka ba, kuma araha da kayan aikin suka yi, da manhajoji na kyauta irin su FreeCAD da LinuxCNC da GRBL, ta sa a ƙananan wuraren aiki mutum guda ne ke zane, ya tsara hanya, ya kuma tsaya a gaban injin.

Harshen kansa ya tanadi gurbi ga wannan mutum. Umarnin G41 da G42 suna ba injin damar ya kautar da hanyar da kansa bisa faɗin wuƙar da aka rubuta a wani jadawali da ke cikin kwamfutarsa, ta yadda idan aka sassaƙa kaya na farko aka auna aka tarar bango ya fi abin da ake so kauri da milimita 0.02, ko don wuƙar ta ɗan ci ko don ta lanƙwasa, ma'aikaci zai rage wannan adadi daga rabin faɗin da ke jadawalin ya sake gudanar da zagayen gyara, ba tare da an koma ofis an sake lissafa komai ba. A aikin da ake fitar da kaya ɗaruruwa, ana maimaita wannan awo lokaci-lokaci ana gyara lambar yayin da wuƙar ke ci gaba da dakushewa, har zuwa lokacin da za a cire ta a sa sabuwa a auna tsawonta da faɗinta daga farko.